Ƙirgin Raneye

Tururuwan da ke bin gindin katanga sun sake hanya. Saude ta lura da haka da safe tana sharar ƙofar gida. Layinsu ya zo daidai ƙarƙashin motar, ya lanƙwasa, ya kewaye wani baƙin tabo a ƙasa, sannan ya koma inda ya saba bi. Jiya tabon bai wuce tafin hannu ba, yau ya kai faifai.

Motar Fijo ce, akori-kura, wadda mijinta Dikko ya saya bara a hannun wani ɗan kasuwa a Anka. Da ita yake kwasar buhunan shinkafa daga fadamar Gummi zuwa Bukkuyum da ƙauyukan hanya. Tun kwanakin baya baƙin mai ke tsattsafowa daga gefen murfin saman injin, ya gangaro kan ƙarfe mai zafi ya ƙone. Duk inda aka tsaya sai hayaƙi ya turnuƙe daga gaba, masu kaya su diro suna salati. Dikko ya ce gasket ne ya mutu, wato siririn abin nan da ake shimfiɗawa tsakanin murfin da kan injin don kada mai ya fita. A shekarar kayan gyara sun yi wuyar samu, sai da wani direba ya zagaye shagunan Gusau kafin ya samo masa ɗaya. Ya ce ba sai an kai wa makaniki ba, ya sha ganin ana yi a tasha. A gida zai yi abinsa.

Ya tura motar ƙarƙashin dogonyaro, ya ɗaga bonet ya tokare shi da icce, ya shimfiɗa tsohon buhu ya jera sifanoni a kai. Saude ta ɗumama ruwa kamar yadda ya ce, ta zuba a babban daro, ya tsoma sabon gasket ɗin a ciki. Ya ce ya daɗe a shago, zafi ya sa ya ƙanƙance, sai ya sha ruwa zai miƙe ya kai bakin murfin.

Dikko Bafulatani ne, ɗan fari ga Hammadu, wanda rugarsa ke can bayan Bukkuyum. Duk kaka in an gama girbi, shanun Hammadu ke kwana a gonar Magaji, mahaifin Saude, su ci kara su bar taki. A gonar nan Dikko ya fara ganinta tana kai wa mahaifinta fura. Ba a daɗe da aurensu ba cutar bushiya ta shigo ƙasar. Shanu suka riƙa faɗuwa ruga-ruga, idonsu na hawaye, bakinsu ya yi gyambo, kafin a ankara sai mushe. Garken Hammadu ya ragu har mutum ɗaya na iya kora shi ba tare da ya ɗaga murya ba. Dikko ya kora nasa da ke tsaye da ƙafafunsu ya sayar tun cutar ba ta taɓa su ba, bai nemi shawarar kowa ba. Ya dawo gari, ya koyi tuƙi, ya sayi mota.

Hammadu bai ce komai ba. Wannan shirun ke cin Dikko, shi ne kuma Saude ta kasa ganewa da farko. A wurinsu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya haɗa ido da shi, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. Tun Dikko na goye mahaifinsa bai taɓa yi masa magana kai tsaye ba.

"To ta ina ka san hushi shikai?" ta taɓa tambayarsa. "Mutumin da can ma bai ce ma ci kanka?"

"Da, in na iso ruga, sai ya ce ma Inna a ba baƙo nono," ya ce. "Ni ne baƙon. Tun da na sai da shanun, ko wannan ya bari."

Hantsi ya ɗaga. Dikko ya kwance notocin saman murfin ya tara su a marfin kwano don kada su ɓata cikin rairayi. A lokacin ne Saude ta jiyo muryar mahaifinta daga kan kwana, yana magana da ƙarfi yadda ya saba. A bayansa ga wani dogon tsoho siriri da malfa, ya gitta sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kai. Surukinta ne. Hammadu bai taɓa taka gidan nan ba.

Ta ruga ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa a inuwa, ta ja baya ta durƙusa.

"Baffa, an zo lahiya?"

"Jam," ya ce, idonsa na kan reshen dogonyaro. "Lahiya lau."

Dikko ya goge hannu a gefen wando, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna jikin tayar gaba ya yi gaisuwa kansa a ƙasa. Magaji ne ya amsa masa. Ya ɗan jima a tsugune, sannan ya tashi ya koma ƙarƙashin bonet. Daga bakin zaure Saude ta ga ya cusa kansa ciki fiye da yadda aikin ke bukata.

"Ga ɗan Hulani na kawo muku," in ji Magaji yana zama. "Kasuwa na tsince shi shina taya gishiri kamar mai sayen doki."

"Kaɗo, ba ka rabo da ƙarya. Kai ka jawo ni da hannun riga."

"Na jawo ka ka ga saniyar gidan ga. Ba ta cin ciyawa, ba ta tsoron ƙuda, ba ta shiga gonar kowa a kai ka gaban alƙali."

Hammadu ya dubi baƙin tabon da motar ta bari a ƙasa inda ta kwana.

"Na ga hitsarinta baƙi," ya ce. "Mu in saniya ta yi haka, wuƙa muke nema."

Magaji ya yi dariya har da tari. Ba wanda ya taya shi.

Murfin ya manne. Dikko ya ɗora guntun katako a gefensa ya bubbuga da tafin hannu, nan da can, har ya saki. Da ya ɗaga shi sai ga ƙarafan ciki jere kamar haƙarƙari, sun yi baƙi suna ƙyalli. Tsohon gasket ɗin ya bushe ya yi tauri, yana farfashewa kamar ƙanzo. Ya cusa tsummoki a ramukan don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki, ya ɗauki wata tsohuwar wuƙa marar kaifi ya shiga kankare bakin. Saude ta kai masa kananzir na wanke murfin, ta dama fura ta ajiye gaban tsofaffin, ta koma zaure. Ba a jin komai sai ƙarar wuƙa kan ƙarfe.

"Magaji," in ji Hammadu. "Bana kada ka aje min kara. Ka ba wani."

"Wane irin zance ne wanga?"

"Tashi za mu yi. Kudu, bayan Kontagora. An ce akwai ciyawa, cutar kuma ta yi sauƙi can. 'Yan uwa sun riga sun yi gaba."

"Sai damina ke nan?"

"Sai yadda Allah ya yi."

Ƙarar wuƙar ta tsaya. Saude ta gane cewa ba gishiri ya kawo tsohon Gummi ba, kuma ba don kunnen mahaifinta ya yi maganar ba. Bayan ɗan lokaci wuƙar ta ci gaba.

Magaji ya cire hularsa ya sosa kai. Wasan ya fita daga muryarsa.

"Matarka Hure fa? Da gwiwar nan tata?"

"Za a ɗora ta bisa takarkari. Maruƙa ne abin tunani. Uwayensu sun tafi sun bar su, da hannu muke shayar da su. Ban san ko za su ga ƙarshen hanya ba."

Muryar Dikko ta fito daga ƙarƙashin bonet.

"Baba, a faɗa mishi, motar ga na iya ɗaukar Inna, da maruƙa, da kaya. Har inda za a sauka."

Magaji ya juya ga abokinsa. "To, ka ji."

Hammadu ya ɗauki ludayi ya juya furar, ya ajiye bai sha ba.

Saude ta ga mijinta ya durƙusa gaban daro ya tsamo gasket ɗin. Da safe ya ce sai bayan azahar za a taɓa shi. Ta san abin da ya sa ya fasa jira: yana so tsohon ya ji injin na aiki lafiya kafin ya tashi daga tabarmar nan. Ya kifa murfin a kan buhu, ya bi bakinsa yana danna gasket ɗin da babban yatsa. Kusurwa ɗaya ta ƙi kaiwa, saura kamar faɗin farce. Ya ja kaɗan. Ya ƙara ja. Sai wata 'yar ƙara, kamar an karya tsinke.

Ya tsaya da guntaye biyu a hannu yana kallonsu.

"Inna lillahi," in ji Magaji. "Babu wani?"

"Sai Gusau. In an samu."

"Ba a liƙe shi da gam?"

"Daidai wurin zai zubar."

Magaji ya yi tsaki, ya tashi ya leƙa injin, ya dawo. "Zamanin da muke bin motocin katako zuwa Sakkwato, na ga direba ya yanki fata ya sa a irin wurin ga. Ta kai mu, ta maido mu. Ba ka da jemammiyar fata cikin gida?"

"Babu," in ji Dikko, da sauri.

Amma Saude ta san akwai. A ɗaki, bayan akwatin ƙarfe, akwai wani ƙirgi a naɗe an ɗaure shi da igiya. Tun lokacin da ya dawo gari yake nan. Da ta tambaya ya ce ajiya ce, ba ta sake tambaya ba. Yanzu ta ɗauka kunyar taɓa kayan wani ce ta sa ya ce babu. Ta yi tunanin siririn yanki daga gefe ba zai rage ƙirgi da komai ba, mai shi ma zai yafe in ya ji dalili. In kuwa tsohon ya tashi yau motar na kwance da buɗaɗɗen kai, shi ke nan, za a tafi kudu da shirun nan ba a warware shi ba. Ita ba mai shiga zancen maza ba ce. Sai da ta kai ƙofar ɗaki ta tsaya, ta juyo, sannan ta sake komawa ta ɗauko.

Ta durƙusa gaban mahaifinta ta kwance igiyar.

"Baba, ko wanga zai yi?"

Ƙirgin ya buɗe a kan rairayi. An jeme shi da gashinsa. Fari ne tas, sai wani jan tabo daga kafaɗa ya haura wuya, da wani dogon tabon rauni a kwiɓi inda gashi bai sake tsirowa ba.

"Yawwa, 'yar albarka!" in ji Magaji. "Ka ga wanda ya ce ba..."

Maganar ta tsaya a bakinsa. Dikko ya juya musu baya, ya dafa motar da hannu biyu.

Hammadu ya ajiye sandarsa a ƙasa. Ya jawo ƙirgin kan cinyarsa, ya bi shi da tafin hannu daga wuya zuwa baya, a hankali, yadda gashin ya kwanta. Da ya kai kan tabon raunin sai ya tsaya.

"Raneye," ya ce ƙasa-ƙasa, da irin muryar da ake kiran saniya a tatse ta.



"Kura ta yi mata wanga tana maraƙa," ya ce da Magaji. "Ni na ɗinke da hannuna. Kakarta anka nuna ma jaririn fari na rugata ranar suna, ta zama tashi. Jinin ga tun garken kakana shike." Ya shafi jan tabon. "An ce min wani mai kiwo wajen Dareta ya saye ta. Duk kasuwar da na shiga sai na bi kara ina dubawa, ko in gan ta, ko in ga ɗiyarta. Ashe mahauta anka saida ma."

Saude ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Igiyar na hannunta har yanzu, ta rasa inda za ta ajiye ta.

"Wa ke sayen saniyar kiwo bara, Hammadu?" in ji Magaji. "Kai ma ka sani. Ko kyauta anka ba mutum gudu shikai."

Hammadu ya juya ƙirgin ya duba cikinsa, ya lanƙwasa gefe, ya kai hanci ya sunsuna. Yana da laushi, yana ƙanshin bagaruwa.

"Babu asu ko ɗaya," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Saude ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Suruka ba ta tsoma baki gaban uban miji, balle a irin wannan, amma ta riga ta ɓata abin da za ta ɓata.

"Baffa, kullum in wata ya kama sai ya hiddo shi ya shanya bayan ɗaki. Shi kaɗai, bai barin kowa ya taɓa. Ya kakkaɓe, ya naɗe, ya maida. Wallahi ni ban san ko mine ne ba."

Ta sunkuyar da kai tana jiran tsawa daga ko'ina. Ba ta zo ba. Wata akuya ta ratsa tsakanin motar da tabarma, ta sunsuni daron ta wuce. Inuwar dogonyaro ta matsa har rana ta fara taɓa ƙafar Magaji, bai janye ba.

"Kaɗo," in ji Hammadu daga ƙarshe. "Miƙo min murhin can."

Magaji ya tashi ya ɗauko murfin daga kan buhu ya kawo. Ya so ya ɗora shi a tsakiyar ƙirgin.

"Ba nan ba. Baya na da kauri, ba ya kwantawa. Gefen ciki."

Hammadu ya shimfiɗa ƙirgin a ƙasa cikinsa na sama, ya kifa murfin a gefe. Saude ta gane abin da ake bukata, ta shiga ta ɗauko gawayi daga murhu ta ajiye a bakin tabarma. Ya zana bakin murfin, ya ɗaga, ya gwada faɗin tsohon guntun da yatsa, ya sake zana wani layin daga ciki. Sannan ya zaro wuƙa daga kuben da ke damtsensa. Hannun da ya saba yanka igiyar shanu daga fata bai yi gaggawa ba. Ya bi layin waje har ya zagayo, ya bi na ciki, ya ɗago da siririn zobe mai kusurwa huɗu, babu haɗi ko ɗaya. Ya ɗora shi a gwiwa ya shiga aske gashin. Farin gashi ya riƙa zuba kan tabarma, iska na kwashe shi kaɗan-kaɗan zuwa gindin katanga.

Da ya gama ya miƙa wa Magaji. Magaji ya kai wa Dikko. Dikko ya goge tafukansa a riga, ya karɓa da hannu biyu.

Ya shafa gam siriri a bakin murfin, ya bi yana danna fatar har ta zauna ko'ina. Ya zare tsummokin daga cikin injin, ya leƙa ya tabbata bai bar komai ba, ya goge bakin ƙarfen da tsumma mai tsabta. Sannan ya sauke murfin a miƙe, ba tare da ya goga shi gefe ba. Ya sa notocin da yatsa tukuna, ya ɗauki sifana yana juya wannan kaɗan, ya koma wancan ya juya kaɗan, don kada gefe ɗaya ya danne ya tura fatar waje. Saude ta ga gumi na ɗiga daga haɓarsa kan ƙarfe.

Hammadu kuwa ya naɗe sauran ƙirgin. Ya miƙa hannu gefe ba tare da ya dubi Saude ba, ta ajiye masa igiyar, ya ɗaure.

"Magaji, jibi muke tashi," ya ce. "Tsohuwar ba ta iya hawan takarkari, faɗa kawai na yi. Wanda zai zo ya zo da abin shimfiɗa mai taushi. Kuma a zuba ciyawa bayan mota, maruƙa ba su tsayawa bisa ƙarfe."

Sifanar ta tsaya a kan noti. Dikko bai ɗago ba.

"An ji," in ji Magaji. "Kai fa? Akwai wuri gaba, kusa da direba."

"Ni da ƙafata. Bayan abin da ya rage na garke."

Magaji ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

Dikko ya goge gefen injin tas, ya ƙara mai, ya shiga ya murza makulli. Motar ta yi tari ta kama. Tsohon man da ya zuba kan ƙarfe ya fara ƙonewa, hayaƙi ya taso ya bi ganyen dogonyaro, sannan ya riƙa raguwa. Ya fito ya sunkuya kan injin yana bin bakin murfin da yatsa, ya ɗago ya duba, ya sake bi. Magaji ya sa kansa kusa da nasa yana magana da ƙarfi don ƙarar injin.

"Duba can baya! Can yake ɓoyewa! A bushe? To bari ta ƙara zahi mu gani."

Saude ta sunkuya za ta ɗauki daro, sai ta ga Hammadu ya miƙe. Ya sa takalmansa, ya ɗauki sanda, ya rungume ƙirgin a hammata. Bai nufi hanya nan take ba. Ya tako har bayan ɗansa, ya tsaya inda inuwarsa ba za ta faɗa kan injin ba. Ya dubi ƙeyar Dikko, da wuyansa da gumi ya jiƙa, da kafaɗun da suka fi nasa faɗi. Ya daɗe yana kallo, tunda ba mai ganinsa sai ita.

Ta ɗaga kai za ta kira mijinta, ta tuna uba ba ya haɗa ido da ɗan fari, ta fasa.

Tsohon ya gyara malfarsa, ya bi gindin katanga, ya sha kwana ta hanyar gulbi.